Yadda Na Je Faransa Ɗinka wa Jarumin Sinima Sulken Fata

Tun da na dawo ba na zama a rumfa minti goma ba tare da wani ya leƙo ya ce, "Malam Ila, yaya Faransa?" Na ba da labarin guntu-guntu har na fara rikita kaina, abin da na gaya wa mai shayi daban, abin da na gaya wa surukina daban. Shi ya sa na sayi littafin rubutu irin na 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Sunan fim ɗin ne kawai da sunan jarumin ba za ku ji a bakina ba, don na sa hannu a takarda cewa ba zan faɗa ba sai ya fito, kuma har yau bai fito ba.

Ni baduku ne ɗan baduku a Damagaram, shekarata hamsin da uku, kuma kafin wannan tafiya Kano ce iyakata. Sanadin abin wata yarinya ce 'yar Tawa mai suna Rabi. Ta yi karatun zanen tufafi a birnin Liyon na Faransa, ta samu aiki a wani atilye, wato gidan ɗinki, da ke yi wa 'yan sinima kaya. Ta zo hutu ta sayi jakar jar fata a wurina, ta koma da ita wurin aiki, shugabarta Madam Kiler ta gani. Bayan wata biyu sai ga waya.

"Baba Ila, ana neman ka. Za a yi wani babban fim na mutumin da ke tashi sama, wai daga wata daular sahara ya fito. Suna son sulkensa ya zama na fata, da irin saƙar da ka yi a bakin jakata. Sun gwada da inji, ta ƙi."

Na ce, "'Yata, in aiko musu daga nan mana." Ta ce ba ya yiwuwa, sai an auna a jiki, an gyara, an sake aunawa. Wata uku za a yi.

Maganar biza kaɗai ta ci wata huɗu, ba zan gajiyar da ku da ita ba. Bayan ƙaramar salla na hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai, wuni guda cur a zaune, daga nan jirgi ya kai mu Kazablanka, wani ya ɗauke mu zuwa Paris. A filin jirgin Paris wani kare ya zo ya tsaya kan buhuna ya ƙi gusawa. Aka ja ni gefe, aka kwance. Fatun akuya arba'in ne jemammu, masu rinin jan karan dafi, na zaɓo su da hannuna. Wani ma'aikacin kwastan ya karanta takardar atilye, ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce cikin dariya, "Kai ne za ka tashi saman?" Fatu suka wuce. Amma kilishi da cukun da matata Hajara ta ƙulle mini, a gabana aka zuba su a kwandon shara, wai nama da nono ba sa shiga. Garin yaji kaɗai ya tsira.

Jirgin ƙasa ya kai ni Liyon cikin awa biyu. Da na zauna na gai da matar da ke kusa da ni, sai ta janye jakarta ta ɗora a cinya. Har muka isa ban ji mutum biyu sun yi hira ba, kowa da waya a hannu da abu a kunne. A kar ɗin Yamai kuwa kafin mu kai Maraɗi na san sunan 'ya'yan maƙwabcina duka.

Rabi ta tarbe ni ta kai ni masauki, ɗaki ɗaya a hawa na biyar, da gado, da murhun lantarki, da taga mai kallon bangon wani gida. Fitilar matakala tana mutuwa da kanta. Ranar farko ta mutu ina hawa na uku da buhu a ka, na tsaya ina jiran wani ya zo, ba wanda ya zo, sai da na lalubi bango har sama. Wata biyu na yi a gidan nan, na san tarin mutumin da ke ɗakin hagu, na san lokacin da yake buɗe famfo, amma ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Da na shiga atilye na ɗauka zan tarar da jarumin a tsaye yana jira na. Abin da na tarar gunkin jikinsa ne na roba, ba kai, ba hannu daga gwiwa, an zuba shi daidai da ƙirarsa har da tudun ƙashin wuya. Shi jarumin yana wata ƙasa yana wani fim. Bango guda kuwa an lulluɓe shi da zane-zane, ƙananan akwatuna a jere kamar gidan dara. Rabi ta ce fim ɗin ke nan tun daga farko har ƙarshe, an zana shi kafin a kunna kamara ko sau ɗaya. Ta ce shekara huɗu ana rubuta labarin, marubuta sun shiga sun fita, kuma masu kuɗin suna can ƙetaren teku, ba abin da ake yankewa sai sun gani a waya sun yarda.

Madam Kiler doguwa ce mai furfura, da almakashi rataye a wuya. Ta kawo fuskarta za ta sumbace ni a kumatu irin gaisuwarsu, na ja da baya har na ture kujera. Ta yi dariya, daga ranar sai ta riƙa dafa ƙirji in ta gan ni. Ta ce sulke tara take so, iri ɗaya sak, kowane da ɗamara da abin damtse.

Na ce wa Rabi, "Mutum ɗaya, riga tara? Kasuwa zai kai?"

Ta ce, "A'a Baba. Ɗaya sabo ful. Ɗaya bayan an fara faɗa. Ɗaya ya ƙone a kafaɗa. Biyu na shiga ruwa. Sauran na wanda zai riƙa faɗuwa a madadinsa."

Haka na zauna ina saƙa siraran igiyoyin fata daga safe zuwa yamma. In na gama guda, sai a miƙa wa wani saurayi Bafaranshe wanda aikinsa ke nan tsufar da kaya. Ina kallo zai sa takardar yashi da wuta da laka ya ɓata aikin kwana shida. Ranar farko sai da na fita waje na sha iska. Sau biyu kuma saƙo ya zo cewa an canza labari, a daɗa faɗin kafaɗa, a rage ɗamara, na warware na sake.

Mutanen atilyen ba su da laifi. Da tsakar rana suna kiran in zo a ci abinci tare, amma Faransancina na kasuwa ne, in sun yi sauri ba na kama komai sai dariya. Sun taɓa ba ni wani cuku, warinsa sak ramin majema, na haɗiye don kunya. Mafi yawa burodi da sardin nake ci, in barbaɗa yaji. Abin da ya fi damuna tsawon yini. A tashi aiki ƙarfe shida, rana na nan tsaye kamar la'asar, magariba ba za ta yi ba sai wajen tara da rabi. In zauna bakin gado, ba rumfa, ba mai wucewa ya ce sannu da aiki.

Ran Asabar nakan hau taragon cikin gari in je Giyotiyer, unguwar baƙi, inda ake sayar da kuɓewa busasshiya da man ja da gero a 'yar leda kamar magani. Nan na ji Hausa karo na farko a bakin wanda ba Rabi ba. Wani mahauci ne ɗan Cadi, yana faɗa a waya kan wani kaya da bai iso ba. Na tsaya a bakin shagon na fi rabin awa ina saurare. Da ya gama ya ce, "Baba, me za a ba ka?" Na ce, "Ba komai, ci gaba da maganarka kawai." Ya gane. Ya jawo mini kujera.

Ranar Juma'a kuwa ta Habu ce. Malam Habu maƙwabcina ne a rumfa, shekara talatin da ɗaya muna zaune kafaɗa da kafaɗa, wuƙa ɗaya muke wasawa a dutse ɗaya. Shi gwanin gafaka ne da kube. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya kira.

"To, mai ɗinka wa aljanu riga, yaya sanyi?"

"Sanyi ya wuce, Habu. Yaya rumfa?"

"Rumfa ta yi faɗi. Kai, turo mini hoton abin nan in ga ko ka kunyata mu."

"An hana."

"Ni ma? Ni da ban san hanyar sinima ba?"

Wannan ya fi komai ci mini rai. Tun muna samari ban taɓa gama aiki ban miƙa masa ya juya shi ya nemi aibu ba. Ga shi ina aikin da ya fi kowane wuya a rayuwata, ba mai dubawa da idon baduku.

Sallar layya ta same ni a Liyon, ranar aiki ce a wurinsu. Muka yi idi a wani zauren wasan ƙwallo, kowa ya naɗe dardumarsa ya ruga ya kama metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Rago ba a ganinsa, a takarda ake rubuta suna, nama ya zo a kwali bayan kwana biyu. Rabi ta yi niyyar kai ni gidan wasu 'yan Nijar, sai aka tura ta Paris da safen. Na koma atilye na yi saƙa. Hajara ta kira, ina jin hayaniyar gida da sarar itacen gashi a bayanta, na ce mata layin ba kyau, na kashe.

Da sulke tara suka kammala aka ce in bi su Paris wata guda, saboda abin da zai yage wurin ɗauka. Mahaucin nan ne ya haɗa ni da wani abokinsa, Alhaji Bappa ɗan Garwa, mai ɗaki biyu a wani dogon bene a Stains, gefen Paris. Alhaji Bappa yana aikin sauke kaya a Rungis, babbar kasuwar abincin da ke ciyar da Paris, aikin dare. Iyalinsa na Kamaru, shekara goma sha tara yana nan. Ina fita da safe yana shigowa, ina dawowa yana ɗaura takalmi. Gaisuwarmu a bakin ƙofa take ƙarewa.

"Malam Ila, an wuni lafiya? Akwai miya a tukunya."

"Alhaji, Allah ya saka. A sauka lafiya."

Iyakarta ke nan kusan kullum. Amma ban taɓa buɗe tukunyar nan na tarar da ita wayam ba.

Wurin ɗaukar fim ɗin wani makeken zaure ne da jirgin sama zai shiga ya juya. A bakin ƙofa ake karɓe wayar kowa a kulle a akwati sai an tashi. Na shiga ina neman daular saharar da na gani a zane. Babu. Bango kore, ƙasa kore, sai dutsen roba guda biyu da yashi kamar cikin tifa ɗaya. Rabi ta ce birni da sama da rundunar maƙiya duk daga baya za a sa su da kwamfuta, wasu mutane ɗaruruwa a ƙasashe daban-daban za su shekara suna wannan. Mutanen da ke cikin zauren sun fi na kasuwar ƙauye, kowa da abu ɗaya da yake yi. Akwai wadda aikinta kawai ta duba ko ƙurar da ke kafaɗar jarumi yau daidai take da ta jiya. In jar fitila ta kama, ko tari ba a yi.

Jarumin na gan shi sau uku. Ranar farko aka kawo shi inda nake, mutum biyar na biye da shi, ya kama hannuna da hannu biyu ya faɗi magana da Turancin Ingilishi, aka ce yabo ne, aka wuce da shi. Ba shi da girman gunkinsa a idona.

Wanda na sani shi ne Karim, mai faɗuwa a madadinsa. Iyayensa 'yan Aljeriya ne, shekarunsa za su kai arba'in, gwiwarsa duk tabon ɗinki. Shi ake ɗaura wa igiyoyin ƙarfe a ƙugu, a fizge shi sama kamar guga, a maka shi da bango. Ranar farko sau goma sha huɗu aka yi, don abin da a fim bai kai shan kofin ruwa ba. Da aka kwance shi na ga yana dafe haƙarƙari. Na ɗaga sulken, gefen ɗamarata ya yanke shi har jini. Bai gaya wa kowa ba. Na karɓa, na nemi fatar cikin akuya mafi laushi na yi mata shafi daga ciki. Washegari da aka sauko da shi ya zo ya zauna kusa da ni a kan akwati, ya raba dabinonsa biyu. Daga nan kullum tare muke cin abinci, da guntun Faransancina da guntun Larabcinsa.

Na tambaye shi ko 'ya'yansa na murna in sun gan shi a sinima. Ya shafa fuskarsa ya ce, "Wannan cirewa suke yi, su sa tasa. 'Yata takan gane ni ta yadda nake sauka a ƙafar hagu."

A sati na uku aka sa sulke na farko a tsakiyar wani keji mai kamara fiye da ɗari, suka haska gaba ɗaya. Rabi ta nuna mini a kwamfuta, ga sulkena yana juyawa shi kaɗai, har da inda basillata ta ɗan kauce. Sai ta ce, "Baba, akwai magana. An nuna wa wasu 'yan kallo guntun fim ɗin a can, masu kuɗi sun ce ja ya yi kama da na wani jarumin. Shuɗi za a mayar." Ta taɓa wani abu, jan karan dafin da na ɗauko tun daga Damagaram ya koma shuɗi kafin in ƙifta ido. Na ce, "Saƙar fa?" Ta ce saƙar na nan. Na ce to.

Ranar Alhamis ta wannan satin aka daɗe ana ɗauka. Da aka tashi na karɓi wayata a bakin ƙofa, na ga kira goma sha ɗaya, na Hajara da na babban ɗan Habu. Na kira a tsaye a wurin ajiye motoci. Hajara ta ce, "Malam, sai haƙuri. Malam Habu ya faɗi a rumfa da hantsi. An kai shi tun azahar."

Lokacin da ake binne shi ina tsugune ina shafa wa ɗamara mai. Na zauna a kan dakalin siminti. Mutane na wucewa suna ce mini sai gobe, ina ɗaga musu hannu. Wa zan gaya wa? Ba wanda ya san akwai wani Habu a duniya.

Na isa gida Alhaji Bappa na ɗaura takalmi. Ya ce, "Akwai miya a..." sai ya dubi fuskata ya tsaya. Na gaya masa. Ya yi salati, ya kwance takalmin da ya ɗaura, ya ɗauki waya ya gaya wa shugabansa yau ba zai zo ba. Na ce, "Alhaji, kada ka jawo wa kanka." Ya ce, "Malam Ila, mahaifiyata ta rasu ina cikin ɗakin sanyi ina jera kifi. Ba wanda ya zauna da ni. Zauna."

Ya yi waya uku ko huɗu. Kafin magariba mutum shida sun zo, biyu 'yan Cadi, wani ɗalibi ɗan Maraɗi mai karatun likita, sauran 'yan Kamaru. Aka jingine tebur da bango, aka shimfiɗa darduma. Kowa ya shigo sai ya durƙusa ya ba ni hannu ya ce, "Yaya haƙuri?" kamar a ƙofar gidanmu. Aka yi addu'a. Sannan wani dattijo a cikinsu ya ce, "To, ba mu labarinsa. Wane irin mutum ne?" Na buɗe baki na fara, tun daga ranar da mahaifinsa ya kawo shi rumfar mahaifina. Tunda na sauka ƙasar nan ban yi magana mai tsawon wannan ba. Ba wanda ya duba agogo.

Kwana tara bayan haka na gama. Karim ya raka ni har bakin metiro ya rungume ni. Madam Kiler ta ce sunana zai fito a ƙarshen fim, cikin jerin da ke wucewa bayan mutane sun tashi. Rabi ta kai ni filin jirgi tana ta ba ni haƙuri kan launin, na ce mata ba komai, kuma a lokacin da gaske nake.

Da na iso Damagaram ban sauke kaya ba sai da na je gidan Habu na yi gaisuwa, aka kai ni kabarinsa. Kwana uku ban iya buɗe rumfa ba. A rana ta huɗu babban ɗansa, wanda direba ne bai koyi sana'ar ba, ya kawo mini wata gafaka a leda. Ya ce, "Baba, wannan ce a hannunsa ranar. Ta wani malami ce daga Mirya, ya ce zai zo karɓa." An gama jiki da marfi ɗaya, saura marfi na biyu da maratayi. Na zauna a wurina, nasa wurin ba kowa, na yi kwana biyar a kanta. Ina bin ɗinkinsa a hankali, don shi yana matse zare fiye da ni, kuma yana karkata basilla hagu.

Malamin ya zo ran Laraba, tsoho ne mai raunin gani. Ya yi mini gaisuwa, ya karɓi gafakar ya kai ta kusa da idonsa, yana bin ta da yatsa. Ya wuce jiki, ya wuce marfin farko, ya zo kan marfi na biyu ya tsaya yana shafawa.

Ya ce, "Allah ya jiƙan Habu. Dubi nan. Hannunsa ba ya ɓuya."

Na ce, "Amin, Malam."